Allon Kanti: Abin da Ya Kamata a Yi Shi da Shi, da Yadda Zaɓen Yake Shafar Rubutun Hausa

Gabatarwa

Kalmar allo aro ce daga Larabci, asalinta al-lauh, kuma duk Bahaushen da ya ji ta, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne allon makaranta. Wannan allo masassaƙa suke yin sa da itace mai ƙwari kamar aduwa, tawadarsa kuwa da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, da gangan domin ta wanku. Yaro in ya iya karatunsa sai ya je ya wanke, ya shanya, a rubuta masa na gaba. To, akwai wani abin kuma da muka ba shi wannan suna, amma aikinsa kishiyar na farko ne, watau allon da mai kanti ko mai shago yake kafawa a ƙofarsa don ya sanar da masu wucewa sunansa da abin da yake sayarwa. Shi wannan ba a son ya wanku, alhali kuwa a sarari yake wuni yake kwana, ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, iska ta kaɗa shi.

Wataƙila mai karatu ya ce, ina ruwan malamin harshe da aikin kafinta da mai fenti? Dalilin shi ne, littafi sai wanda ya buɗe shi, allon bakin titi kuwa ko mutum bai yi niyya ba sai ya karanta shi. Yaron da aka koya wa ƙa'idar rubutu da safe a cikin aji, da rana zai bi hanya ya ga alluna da yawa, kowanne yana koya masa tasa ƙa'idar. A 1997 waɗansu masana biyu na ƙasar Kanada, Rodrigue Landry da Richard Bourhis, suka yi wani rubutu da ya jawo hankalin masana zuwa ga harsunan da ake gani a allunan tituna da na shaguna, tun daga nan kuwa abin ya zama fagen bincike mai zaman kansa. Tambayar da aka fi yi a wannan fage ita ce, da wane harshe aka yi rubutun. Tambayar da za a yi a wannan takarda daban ce, watau a kan me aka yi rubutun, da me aka yi shi, kuma me zai rage a cikinsa bayan damina biyu ko uku. Za mu ga cewa rubutun Hausa, na boko da na ajami, ya dogara da waɗansu 'yan ƙananan alamomi waɗanda su ne suke fara lalacewa in an yi mugun zaɓe.

Yadda Allo Ya Shigo Kasuwa

Tsohuwar kasuwar Hausa ba ta bukatar allo. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ake danganta kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), a tsare take layi-layi, kowace sana'a da wurinta, dukawa nan, 'yan koli can, masu tufafi can. Mai saye ya san inda zai nufa, in baƙo ne kuwa ga dillali. Kaya su ne shaidar kansu, abin da ba a baje ba kuma mai talla ya faɗe shi da baki.

Abu uku suka sake wannan hali. Na farko, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka biyo ta suka kafa kantuna, irin su John Holt, da UAC wanda aka kafa a 1929. Ita kanta kalmar kanti daga Ingilishi muka aro ta a wannan zamani. Waɗannan kantuna gine-gine ne masu ƙofa, kaya suna ciki ba a ganinsu daga waje, saboda haka dole a rubuta suna a bisa ƙofa. Na biyu, masu iya karatun boko suka yawaita, ta hanyar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, da Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, da shirin ilimin firamare ga kowa na 1976. Na uku, mai saye ya hau keke, ya hau babur, ya shiga mota, ya zama yana wucewa da sauri daga nesa, ba ya tsayawa ya yi tambaya. Da haka allo ya zama bakin mai kanti.

Abokan Gaban Allo

Kafin a zaɓi abin da za a yi allo da shi, wajibi ne a san abin da zai yi yaƙi da shi. A ƙasar Hausa abokan gaban allo biyar ne.

Na farko rana. Cikin haskenta akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, masana kimiyya suna kiransa altirabayolet, shi ne yake karya ƙwayoyin launi har su koɗe, yake kuma busar da roba har ta riƙa karyewa. Ban da wannan ga zafi. A watan Afrilu zafin inuwa a Kano da Sakkwato da Yamai yakan kai digiri 40 ko ya ɗara, fallen ƙarfe mai duhun launi da ke tsakiyar rana kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Kowane abu yana miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi, amma ba daidai suke yi ba, kuma a wurin da abubuwa biyu suka haɗu nan tsagewa take farawa.

Na biyu hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan taso daga arewa maso gabas, busasshiya ƙarau, ɗauke da ƙura. Bushewar tana tsotse ruwan da ke cikin katako, ƙurar kuma tana dusashe fuskar allo, wanda ya zo gogewa da busasshen tsumma kuwa karce shi yake yi bai sani ba.

Na uku guguwar farkon damina. Ƙarfin da iska take tura abu da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da saurinta: in sauri ya ninka biyu, ƙarfin turi ya ninka huɗu. Iskar da take gudun kilomita 90 a sa'a tana ɗora wa kowace murabba'in mita ta allo abin da ya kai nauyin kilo 40 ko fiye. Ashe ke nan allo mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1 yana ɗauke da fiye da nauyin buhu biyu na siminti, kuma a kaikaice. In ya fizge daga maƙalarsa, asarar ba ta tsaya ga mai kanti ba, har da wanda tsautsayi ya sa yana wucewa.

Na huɗu ruwa. Hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa, magina kuwa sun daɗe da sanin bangon gabas ne yake fara zaizayewa, shi ya sa suke ƙara masa makuba. Allon da yake fuskantar gabas ruwa ne babban abokin gabansa, wanda yake fuskantar yamma kuwa zafin la'asar ne.

Na biyar gara, ita kuma aikinta ga katako ne, musamman turakun da aka binne a ƙasa.

Ya kamata a lura cewa waɗannan biyar ba ƙarfinsu ɗaya ba a ko'ina. A Agadas rana da yashi su ne abin tsoro, tsatsa ba ta cika damun kowa ba. A zangon Kumasi ko unguwannin Hausawa na Ikko kuwa laima ce da tsatsa, ga gishirin teku ga waɗanda ke kusa da gaɓa. Allon da ya yi ƙarko a Damagaram ba lalle ne ya yi a Ankara ba.

Kayan da Ake Yin Allo da Su

Bango. Mafi sauƙin allo shi ne bangon shagon kansa. Iska ba ta ɗauke shi, ɓarawo ba ya cire shi, kuma yana da asali a cikin al'adarmu, domin magina na Zariya da Kano sun daɗe suna yi wa fuskar gida zane. Sharaɗinsa ɗaya ne: sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa, wanda yake cin fentin mai ya sa shi ya yi laushi ya saɓule. Sai a bar shafe ya yi kamar wata guda ya bushe sarai kafin a kai burushi. In kuma laima tana hawowa daga tushen gini, sai a ɗaga rubutun sama da inda take kaiwa. Aibinsa shi ne ba ya tashi, ɗan haya in ya bar shago ya bar allonsa.

Katako. Itace yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake yin haka ƙwarai fiye da ta tsawo. Falankin da aka yanko daga dazuzzukan kudu aka kawo Arewa da ɗanyensa, aka yi masa fenti nan da nan, hunturun farko zai tsaga shi, tsagar kuwa ta ratsa tsakiyar haruffa. Wanda zai yi allon katako ya nemi busasshe mai nauyi, kamar maɗaci, ya kuma shafe shi da fenti gaba da baya da gefuna huɗu, musamman bakin da zarto ya yanka, domin ta nan ruwa ya fi shiga. Turaku kuwa in ba na ƙarfe ba ne, a nemi ƙirya ko azarar giginya, waɗanda gara ba ta cika cin su ba. Filawud, watau siraran ɓawon katako da aka manne aka matse, iri biyu ne bisa ga mannensa: akwai na cikin ɗaki wanda ruwa yake rarraba shi falle-falle, akwai wanda aka yi da manne mai jure ruwa, shi ne kaɗai ya cancanci waje. Amma allon da aka yi da garin katako da aka matse, irin na kabad da tebur, kada a fitar da shi waje ko kusa, ruwa ɗaya ya ishe shi ya kumbura kamar burodi.

Kwano. Shimfiɗaɗɗen kwano fallen ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya. Amfanin tutiyar shi ne ita take fara cinyewa a madadin ƙarfen, ko da an ɗan karce shi. Amma akwai wani sirri da masu fenti da yawa suka koya da asara: fentin mai ba ya zama a kan sabon kwano. Man da ke cikin fentin yana haɗuwa da tutiya su zama wani abu mai kama da sabulu a ƙarƙashi, sai fentin ya riƙa ɓarewa gaba ɗaya. Maganin abin shi ne a wanke maiƙon da ya zo da shi daga masana'anta, sa'an nan a fara shafa fentin share fage wanda aka yi musamman domin tutiya, ko kuwa a bar kwanon a waje watanni har ƙyallinsa ya dushe. Baƙin ƙarfe marar tutiya shi kuma sai an kankare tsatsarsa an shafa jan fentin nan da masu walda suke shafa wa ƙofofi. A kula da ƙusoshi da wuraren walda, domin daga nan jan ruwan tsatsa yake zubowa a kan rubutu.

Tangaran. Tsofaffin allunan talla da kamfanonin Turawa suka kawo na wani iri ne dabam. Garin gilashi mai launi ake shimfiɗawa a kan fallen ƙarfe a gasa a wuta mai zafin digiri 800 ko kusa da haka, har ya narke ya zama jiki ɗaya da ƙarfen, kamar dai kwanukan jere na mata. A Birmingham ta Ingila wani mai suna Benjamin Baugh ya kafa masana'antar irin wannan allo a 1889. Launinsa ba ya koɗewa ko ya shekara hamsin a rana, sai dai in dutse ya fasa fuskarsa tsatsa ta sami ƙofa. Tsadarsa ta sa ba ya biyan mai shago guda, sai kamfanin da zai buga ɗaruruwa iri ɗaya.

Alminiyom. Ba ya yin jar tsatsa, kuma ba shi da nauyi. Akwai irin da ake yi da siraran falle biyu da roba a tsakaninsu, wanda masu sana'ar suka fi sani da sunan Alucobond. Fuskarsa sumul take, ba ta lanƙwashewa, tana karɓar fenti da sitika. Sai dai a san cewa robar da ke tsakiyar waɗansu nau'o'insa tana cin wuta. Irin wannan falle ne ya taimaka wa gobarar benen Grenfell a Landan ta bazu a Yunin 2017, inda mutum 72 suka rasu. A kasuwannin da shaguna suke manne da juna, wayoyin lantarki suna ratsawa ta bayan alluna, ba abin wasa ba ne, duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016 ya san haka. Mai saye ya tambayi nau'in da aka yi wa maganin wuta.

Roba mai kama da gilashi. Ita ce ake kira Perspex, an fara sayar da irinta cikin shekarun 1930. Rana ba ta cika sa ta ja ba, haske kuma yana ratsa ta, shi ya sa ake yin akwatin allo mai fitila a ciki da ita, wanda ya dace da kantin magani da gidan abinci da duk mai ciniki da dare. Amma tana miƙewa da zafi ƙwarai. Falle mai tsawon mita 2, in zafi ya ƙaru da digiri 30, zai ƙara kamar milimita 4, alhali ƙarfen da aka ɗaure shi a kai ko milimita 1 bai cika ba. In an huda ramin ƙusa daidai wa daida aka ɗaure tamau, daga ramin za ta tsage. Sai a faɗaɗa ramuka a bar mata wurin motsi, a kuma bar ƙofar iska a akwatin don zafin fitilu ya fita.

Bana. Wannan ita ce ta cika titunanmu tun da injunan buga manyan hotuna da kwamfuta suka yaɗu. Saƙar zaren roba ce aka lulluɓe da leda mai kauri. Tana da araha, ana gama ta rana ɗaya, tana ɗaukar hoto. Amma abin da yake sa ledar laushi yana fita da zafi a hankali, sai ta bushe ta riƙa tsagewa, iska kuma ta yage ta daga ramukan igiya. A rana irin tamu shekara ɗaya zuwa uku ne ƙarfinta. Ta dace da sanarwar ɗan lokaci, ba ta dace da sunan da mutum yake son 'ya'yansa su gada ba.

Launi da Fenti

Launuka ba ƙarfinsu ɗaya ba a gaban rana. Baƙi na gawayi ne, ba ya koɗewa. Ja mai duhu irin na jar ƙasa daga tsatsar ƙarfe ake samunsa, shi ma yana daɗewa. Amma ja mai haske da ruwan hoda da waɗansu nau'o'in ruwan ɗorawa suna saurin tashi. Injin buga bana da tawada huɗu yake aiki, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, yana gauraya su. Ja da rawaya su suke fara gudu, shi ya sa mai karatu zai ga tsofaffin hotunan bakin titi duk sun koma shuɗi-shuɗi. Darasin da ke nan a fili yake: sunan kanti da abin da ake sayarwa a rubuta su da baƙi ko shuɗi mai duhu a kan fari, ko fari a kan duhu, a bar wa ado sauran launuka. Jan rubutu a kan kore ko shuɗi yana da wuyar karantawa tun yana sabo, balle ya kwana biyu.

Akwai kuma batun lafiya. Waɗansu fentin mai, musamman rawaya da ja, ana haɗa su da darma. In sun tsufa suka zama gari, yara suna iya shaƙa ko su kai baki, darma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kira a daina yin irin wannan fenti. Mai saye ya duba gwangwani, mai kankare tsohon allo kuma ya jiƙa shi tukuna, kada ya yi a inda yara suke wasa.

Ƙugiya da Ɗigo

Yanzu mun iso inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko a 1912. Cikin shekarun 1930, zamanin da R. M. East yake shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, duk sun bar su a matsayinsu. A Nijeriya ana rubuta 'y da alhamza, a Nijar kuwa ƴ da ƙugiya. Waɗannan alamomi ba ado ba ne, su suke raba ƙura da kura, ƙaya da kaya, ƙira da kira, ɓata da bata. Allon da aka so ya ce Masaukin Baƙi, in ƙugiya ta tafi, ya koma Masaukin Baki. Na taɓa ganin allon wani kantin kayan gini da aka yi da yankakkun haruffan sitika, an nufi a ce Alhaji Wane da 'Ya'yansa, alhamza biyun suka ɓare, aka wayi gari allo yana shaida wa duniya cewa kantin na Alhaji ne da Yayansa.

Ba haɗari ba ne ya sa waɗannan alamomi suke fara tafiya. A rubutun sitika kowane yanki da mannensa yake riƙe, ƙaramin yanki kuwa mannensa kaɗan ne, gefensa da iska da ƙura suke ci kuma da yawa, saboda haka alhamza da ɗigon i su suke fara faɗuwa, bakin ƙugiya kuma ya naɗe. A rubutun burushi, ƙugiya da bakin burushi ake jan ta a ƙarshe, fentinta ya fi na jikin harafi sirantaka, rana ta fi saurin cinye shi. A wajen masu buga bana kuwa wata matsalar ce. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba waɗannan haruffa gurbi a kwamfuta, amma ba kowane salon haruffa ne yake ɗauke da su ba. Mai aiki in ya buga ƙ ya ga akwati ya fito, ko wani harafi da bai yi kama da 'yan'uwansa ba, sai ya sa k ya huta. Wani mai kantin yakan lura daga baya ya ƙara ƙugiyar da alƙalamin maka, tawadar maka kuwa ba ta jure rana, cikin 'yan watanni ta ɓace. Alhali akwai salon haruffa na kyauta masu ɗauke da su duka, kamar Andika da Charis na ƙungiyar SIL, da Noto na kamfanin Google.

Girma ma yana da ƙa'ida. Lafiyayyen ido, bisa ma'aunin da likita Herman Snellen ya tsara a 1862, yana rarrabe abin da faɗinsa ya kai kashi ɗaya cikin sittin na digirin kusurwa. A nisan mita 30, watau kamar daga tsallaken babban titi, wannan ya kama kusan milimita 9. Ashe ƙugiyar da kaurinta bai kai santimita guda ba, ko tana nan, ga mai kallo daga can babu ita, wannan kuwa ga mai lafiyar ido ne a tsaye da rana tsaka. Tun da yawancin alluna da manyan baƙaƙe ake rubuta su, ƙugiyar Ɓ da Ɗ kuma 'yar ƙarama ce a kafaɗar hagu, ya kamata a yi ta da kauri daidai da jikin harafin, a kuma bar mata fili.

Ajami ya fi boko shiga wannan haɗari, domin haruffa da yawa siffarsu ɗaya, ɗigo ne kaɗai ya raba su. Ba da ta da nun a farkon kalma haƙori ɗaya ne. Tsakanin taba da baba na rini babu komai sai wurin ɗigo da yawansa, haka tsakanin nono da tono. A rubutun Magaribi da muka gada, fa ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, in ya goge ba mai raba fasa da ƙasa. Ga kuma wasula, waɗanda ajamin Hausa ba ya karantuwa sosai sai da su. Al'adar yin wasula da jar tawada tana da kyau a takarda, amma a allon waje kuskure ce, domin jan zai koɗe ya bar baƙaƙe tsirara. Allon ajami a yi shi da burushi ko a buga shi a fuska ɗaya, da launi ɗaya mai duhu, kada a yi shi da yankakkiyar sitika.

Yadda Za a Yi Zaɓe

Mai kanti ya yi wa kansa tambaya huɗu. Shekara nawa nake nufin zama a wannan wuri? Ina allon zai fuskanta? Daga ina mai karatu zai hango shi, a ƙafa ko a mota, da rana ko da dare? Nawa zai ci mini a shekara? Wannan ta ƙarshe ita aka fi mantawa. A ƙaddara, don lissafi kawai, bana ta ci naira 20,000 ta yi shekara 2, allon kwano mai kyakkyawan fenti kuma ya ci naira 50,000 ya yi shekara 10. Ta farko naira 10,000 ke nan a shekara, na biyu naira 5,000. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Bisa ga wannan, mai gidan kansa ya yi rubutu a bango ko a alminiyom. Ɗan haya ya yi allon kwano a firam ɗin ƙarfe wanda zai kwance ya tafi da shi. Mai cinikin dare ya yi akwati mai fitila. Bana a bar ta ga sanarwar sabon kaya da rangwamen salla. Kowanne aka zaɓa, 'yar rumfa a bisansa tana ƙara masa kwana, kuma kafin damina a duba ƙusoshi da turaku.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Malamai

Mai rubuta allo ɗalibin wani malami ne, mai kanti ma haka. In sun bar makaranta suna ganin ƙugiya abin ganin dama ce, ba za su biya kuɗin gyara ta ba. Saboda haka ina ba malaman kwalejojin horon malamai shawara su fita da ɗalibansu titi guda, kowa da littafinsa, su kwafe alluna ashirin yadda suke, su rubuta abin da aka yi kowanne da shi da inda yake fuskanta. In an dawo aji sai a raba kurakurai kashi biyu, wanda marubuci ya yi tun farko, da wanda rana da ruwa suka yi daga baya. Na farko maganinsa koyarwa, na biyu maganinsa zaɓen kaya. Wannan rabewa tana da amfani ga masu bincike ma, domin wanda ya ƙidaya alluna marasa ƙugiya ya yanke hukunci cewa masu rubutu sun yi watsi da ita, wataƙila wani kashi na abin da ya ƙidaya aikin hunturu ne.

Abu na ƙarshe, duk wanda aka nemi shawararsa kan allo ya roƙi a nuna masa rubutun a takarda kafin a kai shi ga fenti ko inji, domin gyara a takarda kyauta ne, a kan ƙarfe kuwa sai an sake biya. Tun ran gini ran zane. Allah ya sa abin da aka faɗa ya yi amfani.